Shekarar da Ba a Yashe Rijiya Ba

Ketare, cikin bazara.

Zuwa ga Yayana Abdulgafar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Baba da Dada suna sa maka albarka.

Kwalaben ruwan rijiyarmu da ka ce a ɗiba na ba direban Kankara ya kawo maka. Dada ta sha dariya, wai 'ya'yan mutane daddawa suke roƙo daga gida, nata ruwa yake so. Na gaya mata abin da ka ce, cewa ka gano wata ƙwayar halitta a ciki wadda ido ba ya gani, kuma masana ba su taɓa sanin irinta ba. Ta ce ai tun kana yaro ba ka kallon abin da mutane ke kallo.

Maganar yasar rijiya kuwa, Baba ya yi yadda ka roƙa. Ka san duk bazara samarin unguwa ke shiga su kwashe laka, a zuba magani, mu mata mu dama masu fura. Bana da suka zo da igiyoyinsu, Baba ya tsaya bakin rijiya ya ce a dakata, ɗansa ya auna ruwan lafiyarsa lau, kuma yasa za ta ɓata mashi bincike. An yi gunaguni, amma shi ya haƙa ta, wa zai ja da shi?

Abu guda ke damuna. Gudawa ta sa ɗiyata Ikhlas gaba, yau sauƙi gobe ciwo, haka ma yaran maƙwabta. Ruwan ya fara ɗan wari, wasu na zargin kududdufin bayan gari inda ake zubar da shara. Ni dai na ce in da matsala, kai za ka fara faɗa mana. Don Allah ka sake tabbatar mani, hankalina ya kwanta.

Ka gaida yara. Ƙanwarka mai alfahari da kai,
Suwaibatu.

Ketare, farkon damina.

Yaya Abdulgafar,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu kam ba zan ce lafiya lau ba. Ikhlas ta kwanta asibiti a Kankara, an yi mata ƙarin ruwa, ta dawo kamar tsinke. Adnan, ɗan maƙwabciyarmu Mairo, shi bai dawo ba. Baba ne ya yi mashi sallah.

Abokiyar aikinka Malama Nana Khadija ta zo ɗibar ruwa, tunda kai ka ce hanya ba tsaro. Mace mai kirki. Na shimfiɗa mata tabarma, na ɗebo ruwan randa a kofi kamar yadda ake wa kowane baƙo. Ta tambaye ni na ina ne. Da na ce na rijiya, sai ta riƙe kofin, ta kalli Ikhlas, idonta ya cika. Ita a zatonta mun daɗe da bari. Ta ce tun awon farko, kafin zancen yasa, kun ga dattin kududdufin yana tsiyaya cikin rijiyar, ruwan bai shawuwa, kuma kai ka ce za ka sanar da gida. Sabuwar ƙwayar taka cikin wannan dattin take rayuwa, da an zuba magani da ta mutu kafin ka gama.

Yaya, ka sani. Lokacin da na rubuto ina roƙon ka kwantar mani da hankali, ka sani, ka aiko cewa zafi ne ke damun yara. Ban ce kai ka kashe Adnan ba, rai na Allah ne. Amma da ka ce mana mu koma famfon tuƙa-tuƙa na bakin kasuwa, da ni da kaina zan riƙa ɗibar maka ruwan rijiyar, ko tulu-tulu kake so. Abin da ya fi ci mani rai shi ne ni na riƙa kare ka a gaban mata. Ciki ɗaya muka fito, ban taɓa zaton zan ji tsoron maganarka ba.

Na sa mijina Lawwali ya rufe rijiyar da kwano, na ce wa Baba igiya ce ta tsinke, guga ya faɗa. Ƙaryar ba za ta daɗe ba. Yanzu haka Baba yana ƙofar masallaci yana ba dattawa labarin ka sa wa ƙwayar sunansa, wai sunan Malam Gide zai shiga littattafan duniya. Mijin Mairo yana cikin masu taya shi murna.

Baba ya tsaya gaban unguwa ya ba da shaida da bakinsa saboda ya yarda da kai. Ni ba zan iya duban idonsa in faɗa ba, kuma ba nauyina ba ne. Hanyar da mace baƙuwa ta biyo ta zo, kai ma za ta biyu gare ka. Ka zo ka gaya mashi da kanka, kafin ya ji a bakin Mairo, don ita na riga na faɗa mata.

Wassalam. Ƙanwarka,
Suwaibatu.