Yadda Baba Rufus Ya Dawo

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024
Na saki babi na talatin na littafina a rukuninmu na WhatsApp, inda Ƙasimu ya dawo bayan shekara tara, Humaira ta gan shi a filin jirgi ta fashe da kuka, aka ɗaura aure. Na zaci za a yi ta guɗa. Ina! Wata ta rubuto, "Anti Kubra, mutum ya ɓace shekara tara, da kallo ɗaya ta yafe? Ba ta da zuciya ne?" Mutum goma sha ɗaya sun fice.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Keziya, wadda muke koyarwa tare, ta karanta a ofishin malamai tana dariya har da buga tebur. Wai in bar ƙirƙira, in zo ta kai ni Fadan Kagoma wurin yayar mamanta, Mama Yemima, wadda ta koma wa mijinta bayan shekara ashirin da biyu. Na ce ni marubuciya ce, ba 'yar jarida ba. Asabar za mu tafi.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Mun same su a tsakar gida suna yanka citta suna faɗa a kan wuƙa. Tsohuwar gajeruwa ce, bakinta ba birki. Baba Rufus dogo, shiru-shiru, sai murmushi.

Na tambaye ta me ta ji da ta fara ganinsa. Ta ce, "Na ji in kwaɗa masa taɓarya." Ya tafi Legas ne ya bar ta da yara uku, ko wasiƙa. Da ya dawo bai yi maganar aure ba. Kaka uku yana zuwa gonarta haƙar citta, ta ba shi abinci a waje kamar ɗan ƙwadago.

"To me ya sauya, Mama?"

"Ran nan ya ce in yi haƙuri. Na ce haƙurin mene? Faɗi sunan abin. Ya zauna ya lissafa, har ranar da ɗanmu Levi ya kwanta asibiti ba uba. Bai tsallake ko ɗaya ba."

Sai ta nuna shi da wuƙar. "Kuma ni ban koma wa Rufus na da ba. Wannan tsoho na gani, na ce zan iya da shi. Fasto ya yi mana addu'a, shi ke nan."

Baba Rufus ya ce har yau ana tuna masa duk Lahadi. Muka yi ta dariya. Sun cika mini leda da citta.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Na goge babi huɗu. Ƙasimu zai sha wuya.

Talata, 12 ga Nuwamba
Na zauna rubuta wurin da zai lissafa laifinsa, sai na ga hannuna yana gudu fiye da kima. "Na daina ɗaukar wayarki. Na bari kika ji labarin aurena a bakin mutane." Na ajiye biro. Wannan ai ba Ƙasimu ba ne. Ni ce, da Misbahu mai gyaran janareto na hanyar tashar jirgi, shekarar da na tafi karatu Zariya. Shekara huɗu muna tare, ko sallama ban yi masa ba. Nawa auren ya mutu tuni. Matarsa ta rasu bara waccan, ban je gaisuwa ba, wai kunya.

Duk littattafaina namiji ne ke tafiya. Yau na lura.

Alhamis, 14 ga Nuwamba
Sabon babi ya fita. Waɗanda suka fice sun fara dawowa. Mai zagina ta rubuto, "Yauwa, yanzu na yarda. A bar shi ya ƙara shekara!"

Jumma'a, 22 ga Nuwamba
Na bi ta hanyar tashar jirgi. Keke napep ne ya bi da ni, ba ni na ce ba. To, ni na ce.

Misbahu ya yi ƙiba, furfura a gemu. Na yi masa gaisuwar da ta makara, sannan na faɗi nawa, ɗaya bayan ɗaya. Yana ta goge hannu da tsumma. Da na gama ya ce, "Kin manta ɗaya. Rediyona da kika ara." Na yi dariya har na ji kunyar masu wucewa. Bai ce ya yafe ba. Ya ce in gaida Hajiyarmu.

Lahadi, 24 ga Nuwamba
Keziya ta tambaya ko za a yi biki. Na ce ta rufe mini baki, haƙƙi kawai na sauke.

Janaretonmu dai ya kwana biyu yana tari. Yaya Jamiluddeen ya ce zai kira mai gyaransa na kullum. Na ce ya bari, wancan ba ya da gaskiya, na san wani.