Ƙwai Shida Na Kazar Inna

Gwallaga, Bauchi,
16 ga Oktoba, 1960.

Zuwa ga ƙanena Abdulsalam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka koma Kaduna lafiya, Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan kowa ƙalau, Baffa ma ƙafar ta yi sauƙi har yana zuwa masallaci da kansa.

Amma ni raina a ɓace yake, kuma kai ne ka ɓata shi. Ka san kazar nan mai wake-wake ita kaɗai ta rage cikin kajin marigayiya Inna. Ta tsufa, shekara guda ba ta yi kwanci ba sai wannan karo. Ƙwai goma sha ɗaya na sa mata a akurki, ina kai mata dawa da ruwa har bakin gurbi. Sai ka zo bikin samun 'yancin kai, ranar da ka koma kwananta goma sha takwas a kansu.

Kwana uku da tafiyarka ta ƙyanƙyashe biyar, ta tashi ta bar shida. Na yi ta zaginta, ashe baiwar Allah ba ta da laifi. Maƙwabciyarmu Roda ce ta ce ta gan ka kana kwashe ƙwai kana musanyawa da waɗansu manya da ka zo da su, wai irin kajin Turawa ne, za ka ba ni mamaki. To, na sha mamaki! Wa ya gaya maka kaza tana jiran sabon ƙwai bayan 'ya'yanta sun fito? Boko bai koya maka ƙirga kwana ashirin da ɗaya ba?

Na sami nata shidan cikin ƙwarya a bayan rumbu, sun yi sanyi. Na fasa ɗaya, ga ɗan tsako har da gashinsa. Wallahi sai da na yi kuka.

Cikin biyar ɗin shirwa ta ɗauke biyu. Saura uku, ban ma sani ba ko akwai mace a ciki. In babu, irin kajin Inna ya ƙare a hannunka.

Ka gai da matarka Hamsatu da kawu Hammajoda. Irmiya direba zai ba ka wannan takarda da ɗan kwando. Ƙwanka shida na zamani ne, sun zama baragurbi. Ka buɗe a ɗakinka, kada a tsakar gidan mutane.

Ni ce addarka,
Kubura.