Ranar da Ka Tafi Neman Shanu

Assalamu alaikum, Baba Tsoho.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma ba ka karatun boko, ni ce mai karanta maka. Daga tsakiyar littafin bayoloji na yago takardar, ina zaune a aji bayan an tashi.

Na je gida, ƙauyenmu Durun, a hutun da ya wuce. An yanke dawa, Baba ya ce ta fi ta bara. Akuyar Inna ta haifi biyu, ɗaya bai zauna ba. An ba liman buzunka. Sandarka tana nan bayan ƙofar zaure, ko shara ake yi sai a kewaye ta.

Yau Malama ta koya mana yadda saƙo yake tafiya a cikin ƙwaƙwalwa. Ashe ƙwayoyin jijiya ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace da 'yar'uwarta akwai ɗan gibin da ido ba ya gani, sunansa sinaps. Saƙo yana gudu a jikin ta farko kamar lantarki, in ya kai bakin gibin sai ta saki wani sinadari, ya tsallaka, ta biyu ta karɓa. Sai na tuna yadda Inna take miƙa wa maƙwabciyarmu kwanon tuwo ta kan katanga. Ba sa ganin juna, amma kwanon yana isa. Malama ta ce a cutar mantuwa ta tsofaffi waɗannan mahaɗan ne suke fara lalacewa, tun kafin ƙwayoyin su mutu. Ana miƙo kwano, babu hannun karɓa. Ta ce sabon abu ne yake fara ɓacewa, na da can yakan daɗe.

'Yan aji suna ta rubutu. Ni kuwa kai ne ka faɗo mini a rai.

Ka tuna wasanmu? Tun ina ƙarama, duk sanda na shigo zaure sai ka murtuke fuska ka tambaya wace baƙuwa ce wannan. Ni kuma in ƙirƙiro ƙarya. Wata rana in ce mai tallan fura ce, wata rana nas ce ta zo yi maka allura. Ka ɗaga sanda, in ruga, gida ya ɗauki dariya. Wasan jika da kaka ne, kowa ya san shi. Ni da ba na iya ɗaga ido a gaban mutane, a gabanka kaɗai bakina yake buɗewa.

To yaushe tambayar ta daina zama wasa, Baba Tsoho? A wane hutu ne? Sau nawa ka tambaye ni da gaske, na amsa maka da tsokana?

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Hutun damina, ranar da na dawo daga makarantarmu ta Gwarzo, na same ka kai kaɗai a zaure. Ka yi tambayarka. Na ce ni mai sayen shanu ce, na zo kwashe garkenka duka, har da farar saniyar nan mai karyayyen ƙaho da kake yawan ba ni labarinta. Shanun da aka rabu da su tun ba a haife ni ba. Ba ka ɗaga sanda ba. Ka dube ni, ka tambayi wanda ya ba ni izini. Na ce ɗanka ne. Na yi dariyata na shige ciki cin abinci.

Bayan azahar aka neme ka aka rasa. Ruwa ya sauko. Sai dab da magariba aka same ka a hanyar Dugabau, inda kuke kiwo da, a gindin ɗorawa, ka jiƙe sharkaf kana kiran shanu. Kowa ya ce ruɗewar tsufa ce. Inna ta yi ta kuka tana cewa ita ce ba ta kula da ƙofa ba. Ina tsaye ina jin ta, ban ce komai ba.

A asibiti likita ya ce ciwon haƙarƙari ne. Na zauna a bakin gadonka, na faɗa maka sunana sau uku, a hankali, ba wasa. Ka juyar da fuska bango. Da Baba ya shigo ka riƙe masa riga, ka tambaye shi ko matar nan ta tafi. Ba wanda ya san wace mata. Ni na sani. Ba ka yi mako biyu ba ka rasu.

Abin da ya fi damuna ke nan. Gaskiyar da na faɗa maka ba ta tsallaka ba, ƙaryar ce ta tsallaka ta zauna. Me ya sa? Don ta biyo tsohuwar hanya, hanyar shanu, wadda ba ta riga ta rushe ba? Da aka tashi na bi Malama har bakin ofis, na tambaye ta ko akwai maganin da yake gyara mahaɗan. Ta ce akwai masu ɗan rage abin na wani lokaci, amma har yanzu babu mai mayar da wanda ya lalace. Ta tambaye ni ko wani ne ba shi da lafiya a gida. Na ce a'a.

Na sani kwana ne ya ƙare, haka kowa yake faɗa. Amma sau biyu ina zuwa gaban Inna don in sauke mata laifin da ba nata ba, in na buɗe baki sai in tambaye ta ko akwai aike. Ba ka nan, bakin ya koma yadda yake.

Ka yafe mini. Ban san ta inda wannan saƙon zai bi ba. Ba wanda ya zo kwashe maka shanu, Baba Tsoho. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka.

Ni ce,
Safiya, 'yar ɗanka Musa, jikarka ta fari. Ba baƙuwa ba ce.