Bindigar da ke Kwana a Waje

Yaya Toktosun,

Gaisuwa mai yawa daga duwatsun Murgab. Yaya ƙafar Inna? Matarka Burul ta sauka kuwa?

Ni lafiya lau. Kada rubutuna ya dame ka, sanyi ne ya ɗan taɓa yatsu biyu. A aiko mini da safar hannu.

Ka ce in zaɓi bindiga mai ƙotar katako irin ta Baba. Jirgal, tsohon maharbin da nake bi, dariya ya yi: "Amarya za ka kai dutse? Katako kumbura yake." Ya miƙo mini wata mummuna mai ƙotar roba, ƙarfenta ba ya tsatsa. Ya ce, "Goge man da ke jikinta tas, kuma a waje take kwana."

Tausayinta ya sa na ajiye ta kusa da murhu. Ta yi gumi, da muka fita gumin ya daskare a cikinta.

Yaya, sai ga ragon dutse a bakin tsauni, ƙahonsa ya nannaɗe sau biyu, numfashinsa na tashi kamar hayaƙi. Na ja kunamar bindiga, ta ƙi tashi. Ya dube ni, ya juya, ko sauri bai yi ba.

Jirgal ya ce, "Ka ɗumama bindiga, ka bar mu da shayi tsura!"

Ban gaya masa na yi hamdala da ragon ya tsira ba.

Ƙanenka,
Ulan