A Sa Sunana a Kan Muryata

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ara mini bakin nan shekara saba'in da tara bai ce in dawo masa da shi ba sai yanzu. Ni ce uwarku, kakar 'ya'yanku, nake rubuta wannan da hannuna, kuma hankalina ƙalau yake. Shekaranjiya likita ya gwada ni, ya tambaye ni yau wace rana, 'ya'yana nawa. Na ba shi amsa, na ƙara masa da cewa wanda ya goge masa farar rigarsa ya cuce shi, don ya bar masa kari biyu a hannu ɗaya. Ya rubuta a katina cewa kai lafiya lau, zuciya ce ta gaji. Saboda haka kada a binne ni wani ya ce tsohuwa ta ruɗe. Hedimasta, babban ɗana, da kai nake. Ka kuma ajiye jan biron nan naka. Ajin manya na yi, shekara biyu, da goyo a bayana, inda ka ga harafi ya karkace haka na so shi.

Na ɗaya. Gidan nan da abin da ke cikinsa a raba yadda addini ya tsara. Ku biyu ne, kai da ƙanwarka Tela, rabon ba zai ba malami wahala ba. Ba ni da bakin magana a nan, kuma wannan ne kaɗai wurin da za ku ji na faɗi haka.

Na biyu. Ƙananan kaya, daga cikin ɗan abin da aka yarda mamaci ya yi wasiyya da shi. Rediyona a ba maƙwabciyarmu mai ciwon ƙafa, dama ta katanga take sauraro. 'Yan kunnena na zinari na Takwara ne, 'yar Hedimasta, mai sunana, wadda ta gaji hancina ta ƙi gadon kyauna. Dutsen gugata na gawayi, mai zakara a baki, kada a sayar wa masu gwangwan. A sa shi a falon Hedimasta, a kan kabad ɗin gilashi, kusa da kofunan da makarantarsa ta ciyo. Shi ma ya ciyo wani abu.

Na uku, shi ne dalilin da na ɓata biro. Maganar muryata ce da ke ajiye a jami'a. Zan faɗe ta daga tushe saboda jikokin da ba su san yadda aka yi ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin wankin babban asibiti. Ɗakin yana ƙarƙashin bene, tagoginsa can sama kusa da rufi, ƙafafun masu wucewa kawai muke gani. Kwamin siminti shida a jere, tukunyar tafasa zannuwa a kusurwa, tururi har ba ki ganin wadda ke gefenki sai dai ki ji muryarta. Mu goma sha ɗaya ne, kowacce da inda ta fito, wasu ma a ɗakin suka koyi Hausar. Muka haɗa bakunanmu muka dama, aka sami wata magana da ba a yin ta ko'ina sai can. Shugabar nas-nas Damina muke ce mata, don in ta taho kowa sai ya kwashe abin da ya baza. Zanin gadon da aka cire daga ƙarƙashin wanda ya cika kuwa ba ma kiransa da sunansa, sai mu ce an sallami baƙo, sai ɗakin ya yi tsit har a gama wanke shi. Da aka kawo injuna aka sallame mu, maganar ta bi mu gidajenmu, tana mutuwa tare da mu ɗaya bayan ɗaya.

Mu biyu muka rage, ni da aminiyata Guntuwa, lokacin da wata malamar jami'a ta zo da 'yar na'urarta, wai tana binciken yadda bakin mutane ke bambanta da yadda yake sauyawa. Mai Rikoda na sa mata. Zan faɗi gaskiya tunda kabari ya matso: wata uku ina yi mata wasa da hankali. Duk ranar da za ta zo sai in ɗaura zanin fita, in zauna a kujera, in riƙa yi mata Hausar masu karanta labarai, ina tauna kowace kalma kamar mai tsoron ƙaya. Baiwar Allah tana nuna mini hotunan tsintsiya da guga in faɗi sunansu, tana godiya, fuskarta kamar ta wanda aka ba shayi ba sukari. Ran nan Guntuwa ta faɗo ɗakin ba sallama, ta gan ni a kame, ta tambaye ni ko gwamna ya aiko neman aurena. Na manta da na'ura, na wanke ta tas, ita ma ta rama. Da muka waiwaya sai ga Mai Rikoda tana murmushi har kunne.

Na ce ta goge. Ta ce in na nace za ta goge, amma in sani duka biyun take so, bakin kujera da bakin kwami, don aikinta shi ne ta ƙirga yaushe mutum ke sauya baki, a gaban wa, saboda me. Na ce ashe abin da muka sani tun muna yara ne ake ba su albashi a kai: kowace mace da zanin fita da zanin aiki. Shekara huɗu tana zuwa. Guntuwa ta rasu a ta uku. Yanzu duk duniya babu inda ake maganar ɗakin wanki sai cikin na'urar nan.

Akwai ƙarya uku a ciki, gara in faɗa kafin a tambaye ni a can. Ban taɓa marin likita ba, harara kawai na yi masa, shi ma bayan ya juya. Zanin da na ce ya tashi da kansa ya bi Damina a guje, Guntuwa ce a ciki. Ta ukun na manta ta, amma za ku gane ta, ita ce wadda ta fi daɗi. Na gaya wa Mai Rikoda, ta ce ba komai, ita ba gaskiyar labarin take aunawa ba, yadda aka faɗe shi take saurare. Da na san da irin wannan aiki tun ina yarinya, da ni ce farfesa.

To ga inda gizo ke saƙa. Ƙa'idar aikinsu ita ce ba sa faɗin sunan mutum, wai don su kare shi. A takardunsu ni ce Mai Magana ta Sha Huɗu, mace, tsohuwa, ƙaramin ilimi. Guntuwa ta Sha Biyar. Lokacin na yarda, na sa hannu, ban ga komai a ciki ba.

Sai bara aka yi taro a babban zauren jami'a, aka gayyaci shugabannin makarantu, Mai Rikoda ta gayyace ni. Tela ta kai ni muka zauna a baya. Hedimasta yana layi na biyu cikin manyan baƙi, bai san mun zo ba. Aka saki muryar ta Sha Huɗu tana ba da labarin yadda soda ta cinye mata farce. Mutumin da ke gefenka, Hedimasta, wani mai tabarau, ya karkato ya ce maka wani abu, ya yi dariya yana kwaikwayon yadda nake jan magana. Ka yi dariya kai ma, ɗana. Na ga kafaɗarka tana rawa. Ka san muryar, a cikinta ka yi barci shekara biyu a bayana, a gefen kwami na uku. Ba ka ce uwarka ce ba, kuma lambar nan ta ba ka wurin ɓuya.

Ban yi kuka ba, kada ka ji daɗi. Tela ce ta yi, ta tare ka a wajen ajiye motoci ta faɗa maka abin da ta faɗa, tun ranar ba ku gaisa ba. Bayan sati biyu ka rubuta wa jami'a wasiƙa cewa a rufe muryar, iyali ba su amince ba. Ka ɗauka ba zan ji ba. Mai Rikoda ta zo har ɗakin nan ta ce ni ke da iko muddin ina numfashi, amma takardar da na sa wa hannu ta ce bayan raina magada ne za su zaɓa. Wato jira kake. Na kuma ji ka sassauto, ka ce a bar murya in dai ba za a taɓa sa suna ba.

Ga amsata. Ba za a rufe ba, ba za a yanke ko tari ɗaya ba, har da zagin da na yi wa Guntuwa. Kuma a cire lambar nan. Ni ba gadon asibiti ba ce da za a kira ni da sha huɗu. A sa sunana na yanka, da sunan ubana, da aikina: mai wanki. Na san shekara da shekaru kana gaya wa surukanka da malamanka cewa mahaifiyarka ma'aikaciyar lafiya ce. Ba ka yi ƙarya ba, ka dai ɗaura mini zanin da ba nawa ba. Ranar da aka kawo kayan aurenka ka gyara mini magana sau biyu a gaban dangin matarka, na ƙyale ka don kada in ɓata maka buki. Na ƙirga, ni ma na iya irin aikin Mai Rikoda.

Ban ce bakinka ba shi da kyau ba. Ni na aike ka ka samo shi, da farcena na saya maka, in na ji kana jawabi a taron iyaye har wani girma nake ji yana shigata. Abin da ban yarda ba shi ne ka hau tsani ka juyo kana ce masa katako.

Na huɗu. Ka sakar wa Takwara mara. Kullum kana cewa ta lalata Hausa, rabi Turanci rabi abin da ba a sani ba, wai bakin shagon waya. Haka kakata ta ce da nawa bakin lokacin da na fara aiki, ta ce na koma magana kamar 'yar tasha. Ita ma na tabbata akwai tsohuwar da ta ce da ita haka. Mai Rikoda ta nemi ta naɗi yarinyar don ta jera mu ta ga abin da ya sauya tsakanin kaka da jika, ka hana. Takwara, shekararki ashirin da huɗu, bakinki naki ne. Ki je a naɗe ki. Ki dai rage saurin nan, ba biyo ki ake yi ba.

Na biyar. Tela, ke ma ba ki tsira ba. Kin fi kowa son a ce ke ce mai kishin uwa, amma na ji yadda kike lanƙwasa harshe in matan manya sun kawo ɗinki, har muryarki kan sirance kamar zaren da kike sa wa keke. Ba laifi ba ne, abinci kike nema. Yayanki ma abincin yake nema, sai dai shi ya manta hanyar cire rigar in ya dawo gida. Abin da kika faɗa masa a wajen motoci gaskiya ne, amma kin faɗe shi a gaban direbansa, wannan kuwa ba tarbiyyata ba ce. Ke za ki fara gaishe shi.

Na shida, na ƙarshe. Na sa hannu a sabuwar takarda, liman da mai kemis na bakin titi sun shaida. Takardar ta ce a buɗe muryata ga duk mai son ji, da sunana a kai. Sai dai ba ta aiki sai an kai ta ofishin jami'a an buga mata hatimi, kuma guda ɗaya ce tak. Mai Rikoda ta ce bari ta karɓa ta tafi da ita, na hana. Tela ta miƙo hannu, na buge shi. Tana cikin ambulan a ƙarƙashin wannan littafin, da sunanka a baya, Hedimasta. Kai za ka kai. In ka yaga ta ba mai kai ka ƙara, doka tana bayanka, ni kuma ina ƙasa. Na san haka na ba ka. Na wanke abin da ya fi wannan taurin kai ya fita, ban taɓa mayar da zani na ce ya gagara ba, ba kuma zan fara a kan ɗan da na haifa ba.

Ku tafi tare da ƙanwarka a mota ɗaya, ta zauna a gaba. In ma'aikacin ya tambaye ka mece ce alaƙarka da mai wannan suna, ka amsa da muryar da kake tara ɗalibai da safe, yadda na bayan layi zai ji.

Sunan Guntuwa kuwa ba nawa ba ne da zan bayar. Ku nemi 'yarta ku tambaye ta da ladabi. In ta ce a'a, a bar ta Sha Biyar ta huta, ni zan yi mata bayani in mun haɗu, bayan ta gama zagina na daɗe ban zo ba.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Na yafe muku duka, har dariyar, amma yafiya daban, aike daban. Ku riƙe juna. Ku riƙa cin abinci a gida ɗaya ko sau ɗaya a wata, kowa ya zo da bakinsa yadda yake, kada a gyara wa kowa magana a kan tabarma. Wanda ya yi fushi ya zo da fushinsa a zuba masa nasa kwanon. Ku yi mini addu'a da kowace irin Hausa kuka ga dama, wanda ake roƙo yana jin duka.

Ni dai na wanke nawa na shanya. Ku kwashe kafin hadari ya taso.