Surfen Dawa da Yaya Rahila

Daren Talata, farkon kaka, Kontagora.

Yau kwana tara da binne ɗana Dauda. Babansa yana can wajen Beri, aikin hanyar Turawa. Ban sani ba ko saƙo ya kai masa.

Da hantsi Yaya Rahila, yayar mijina, ta shigo mu surfa dawa. Kullum lugude muke yi a turmi ɗaya, da waƙar yabon Yesu da muka koya a mishan. Ita ta bayar, ni in amsa, taɓarya tana bin waƙar. Yau na yi shiru. Sau biyu taɓaryata ta bugi tata, har dawa ta zube, kaji suka taru.

Ta tsaya ta ce, "Saratu, ban ce ki yi murna ba. Ki amsa kawai, kada ki fasa mini yatsa."

Na amsa. Muryar kamar ta wata ce. Ban ji komai a raina ba, ko kuka bai zo ba. Amma hannunmu ya daidaita, muka gama aikin yau.

Sai yanzu na tuna, da wannan waƙar Dauda yake barci a bayana. Gobe akwai sauran dawa. Zan amsa.