Hannun Alhaji a Kan Sitiyari

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina fata kana lafiya, da Anti Binta da yara. Mu nan Daura sai godiya.

Yaya, a tsorace nake. A kulob ɗin da nake koyar da tuƙin jirgin sama, Alhaji Mudi, aminin Baba, ya zama ɗalibina. Jiya muna saman garin Dutsi ya sunkuyar da jirgin don ya ga gonarsa, sai hannunsa ya ƙame a sitiyari. Ina ta cewa, "Baba Alhaji, saki don Allah," har na fara ganin zangarniyar gero. Sai na doke hannunsa, muka tsira.

Ga shi kuma Asabar zai dawo. Tsorona, in ya sake ƙamewa, kunya ta hana ni ɗaga masa hannu karo na biyu.

Ka sa ni a addu'a. Kada Inna ta ji. Gaida kowa.

Ƙaninka,
Habu